Shinkafa Da Kifi: Daga Bankok Da Tokiyo Zuwa Ƙofar Gidanmu A Gayam

 A wannan mako ina so mu ɗan yi nisa, mu leƙa tukunyar mutanen ƙasar Tailan da ta mutanen Japan, sa'an nan mu komo gida Gayam da sauran garuruwan ƙasar Birnin Gwari mu ga ko akwai abin da za mu ƙaru da shi. Hausawa dai sun ce tafiya mabuɗin ilmi, to, wadda ba ta sami tafiya da ƙafa ba sai ta yi da kunne.

Dalilin ɗauko wannan magana shi ne, a manyan biranen duniya, musamman a Amurka, akwai wasu ƙananan gidajen sayar da abinci a cikin unguwa waɗanda ke haɗa girkin ƙasashen nan biyu a ɗaki ɗaya. Gefe guda ana soya abincin Tailan, ɗaya gefen kuma ana dunƙula wani abincin Japan da ake kira sushi. Sau da yawa iyali ɗaya ne ke riƙe da wurin, uwa tana madafa, uba ko babban ɗa yana karɓar kuɗi. A Legas da Abuja ma akwai gidajen da ke sayar da irin wannan abinci, sai dai a nan ƙasar tamu yawanci na masu hannu da shuni ne. 'Yan matanmu suna ganin hotunansa a waya, wasu su yi sha'awa, wasu su tofar da yawu su ce ai ɗanyen kifi ne. Ni kuwa abin da na gani a ciki ya fi wannan, watau yadda mutane suka ɗauki shinkafa da kifi, abin da kowacce daga cikinmu ta sani, suka mai da su sana'a mai daraja.

Sun daɗe a tukunyarmu

Kafin mu ce abincin baƙi ne, bari mu duba madafarmu tukuna. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa auna shinkafa 'yar Tailan ba? A shekarar 2014 kaɗai, shinkafar da ƙasar nan ta sayo kai tsaye daga Tailan ta haura tan miliyan ɗaya. Daga 2015 ne Babban Bankin Nijeriya ya daina ba masu shigo da ita kuɗin waje, aka kuma rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan mutane da yawa suka koma wa ta gida.

Farin magin nan kuwa da muke kira Ajino, daga Japan ya samo asali. Wani malamin kimiyya mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarinsa a 1908, a cikin wani ganyen teku da matan ƙasarsu ke yin romo da shi, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909. Kifin gwangwani na Geisha da muke buɗewa ranar da baƙo ya zo ba shiri, kayan wani kamfanin Japan ne. Hatta taliyar yara mai dahuwa cikin minti kaɗan, wani mutumin Japan mai suna Momofuku Ando ne ya fara ƙirƙiro irinta a 1958. Ashe ke nan mutanen nan sun daɗe da shigowa madafarmu, gaisawa ce kawai ba mu yi ba.

Wani abin sha'awa kuma shi ne yadda suke magana a kan abinci. Idan mutumin Tailan zai ce a ci abinci, abin da yake faɗa da harshensu shi ne a ci shinkafa. Haka mutanen Japan, kalmarsu ta gohan tana nufin dafaffiyar shinkafa, kuma tana nufin abinci gaba ɗaya. Wannan daidai yake da yadda Bahaushe ke cewa ya tafi neman tuwo, alhali kuwa wataƙila dambu zai tarar a gida.

Idan kika shiga irin wannan gida

Wurin ba shi da girma. Za ki tarar da 'yan tebura kaɗan, da wani dogon kanta a gefe inda mai yin sushi yake tsaye yana aiki a gaban idon kowa. Da zarar kin zauna, a gidajen da ke bin al'adar Japan, za a miƙo miki ɗan tawul mai ɗumi a jiƙe don ki goge hannu, sa'an nan a kawo koren shayi ba sukari. Ba a fara maganar abinci sai hannu ya tsabtata.

A ɓangaren Tailan, abin da zai fara dukan hancinki shi ne ƙamshin da kika riga kika sani, na tafarnuwa da barkono da lemun tsami, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da wasunmu ke sa wa a shayi. Suna da wata miya mai tsami da yaji da suke kira tom yam, wadda aka fi yi da jatan lande. Suna da soyayyiyar taliyar shinkafa da suke kira pad tai, ana haɗa ta da ruwan tsamiya da ƙwai, a barbaɗa mata dakakkiyar gyaɗa a kai. Suna da som tam, wanda idan muka faɗi gaskiya kwaɗon ɗanyen gwanda ne, a turmi ake ɗan daka shi da barkono da lemun tsami da gyaɗa, kusan yadda muke kwaɗa rama ko zogale. Akwai kuma gasasshen nama a tsinke da ake dangwalawa a miyar gyaɗa, wanda duk Bahaushen da ya gani zai ce ɗan'uwan tsire ne. Da cokali suke ci, su riƙa turo abincin cikinsa da cokali mai yatsu. Mutanen arewacin ƙasarsu kuwa suna da wata shinkafa mai danƙo da suke dunƙulawa da hannu su dangwala a miya, kamar dai lomar tuwo.

A ɓangaren Japan kuma, sushi ba ɗanyen kifi yake nufi ba kamar yadda aka ɗauka. Shinkafar ce sushi, watau dafaffiyar shinkafa mai gajeren ƙwaya da aka yayyafa wa ruwan khal da ɗan gishiri da ɗan sukari. Akan dunƙula ta daidai loma ɗaya a ɗora mata yankan kifi a kai, ko a naɗe ta cikin busasshen ganyen teku a yayyanka kamar alkaki. Wani kifin ɗanye ne, wani gasasshe, wani lokaci ma ba kifi sam, sai ƙwai ko kokwamba. A gefen faranti za ki ga wani koren abu mai yaji da ake kira wasabi, wanda zafinsa a hanci yake tashi ba a harshe ba, da kuma yankakkiyar ɗanyar citta da aka jiƙa cikin ruwan tsami. Sunan wannan citta a wurinsu gari, to, kada wata ta ji an ce gari ta nemi sukari da ƙuli. Kuma ba dole ne ki iya riƙe tsinkayen nan biyu ba, don su kansu sun yarda a ɗauki sushi da hannu.

Miyar da suke sha kusa da shi, da wani daskararren waken suya ake kaɗa ta wanda aka bari ya kwana watanni da gishiri. Suna kuma da wani waken suya mai yauƙi da wari da suke kira natto, wanda masana suka tabbatar irin ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa ita ce ke yin sa. Mutanen Tailan su kuma ruwan kifi suke tsiyayewa bayan ya daɗe a tulu da gishiri, shi ne daddawarsu. Don haka wadda ke jin kunyar ƙamshin daddawarta a gaban baƙi sai ta daina.

Abu ɗaya da Musulma za ta kula da shi idan Allah ya kai ta irin wannan wuri shi ne ta yi tambaya kafin ta ci. Masu girkin Japan sukan zuba wata giyar shinkafa a wasu miyoyi, masu girkin Tailan kuma suna amfani da naman alade a wasu. Tambaya ba abin kunya ba ce, ga shi ma kudancin Tailan akwai Musulmi da yawa, a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, kuma masu abincin sun saba da irin wannan tambaya.

Asalinsa abincin talaka ne

Yau sushi yana da tsada, amma ba haka ya faro ba. Tun zamanin da, mutanen kudu maso gabashin Asiya sukan cusa kifi cikin dafaffiyar shinkafa da gishiri su ajiye watanni don kada ya lalace, in an tashi ci a zubar da shinkafar a ci kifin. Dabarar adana abinci ce, kamar yadda mu muke yin banda da kilishi. Daga baya ne mutanen Japan suka fara zuba ruwan khal don a sami tsamin ba tare da dogon jira ba. A shekarun 1820, a birnin Edo wanda yanzu ake kira Tokiyo, wani mutum mai suna Hanaya Yohei ya yi suna wajen dunƙula shinkafa da kifi a sayar nan take. Aka riƙa sayar da shi a rumfunan bakin hanya, leburori da masu sauri su ci a tsaye su wuce. Da yake babu firji a lokacin, kifin ma akan dafa shi ko a jiƙa shi cikin gishiri da ruwan tsami.

Ita ma pad tai ba wani tsohon abincin sarakuna ba ne. A zamanin Firayim Minista Phibun, wanda ya fara mulki daga 1938 zuwa 1944, gwamnati ta yi ta kiran mutane su ci taliya su kuma sayar da ita a kan titi don su sami abin yi. A 2002 kuma gwamnatin Tailan ta fito da wani shiri na taimakon 'yan ƙasarta su buɗe gidajen abinci a ƙasashen waje, lokacin suna da wajen 5,500 a duniya. Sun gane cewa wanda ya ci abincinka ya ji daɗi zai so ganin ƙasarka, zai kuma sayi shinkafarka. Majalisar Ɗinkin Duniya, ta hannun hukumarta ta UNESCO, ta sa girkin gargajiya na Japan cikin kayan gadon duniya a 2013, ta kuma sa miyar tom yam mai jatan lande a 2024.

Ga misalai biyu da nake so mu riƙe. A Tokiyo akwai wani gidan sushi mai suna Sukiyabashi Jiro, a ƙarƙashin ƙasa yake kusa da tashar jirgi, kujerunsa goma ne rak. A watan Afrilu 2014 can Firayim Ministan Japan Shinzo Abe ya kai Shugaba Obama na Amurka cin abinci. A Bankok kuma akwai wata dattijuwa da ake kira Jay Fai, wadda da ɗinki take yi kafin ta koma girki. A bakin titi shagonta yake, da gawayi take soya wainar ƙwai da naman ƙaguwa, da hannunta, tana sanye da wani ƙaton tabarau don kare idonta daga tartsatsin mai. A ƙarshen 2017 masu littafin Michelin, waɗanda ke auna gidajen abinci na duniya, suka ba ta tauraro. Murhun gawayi fa, irin wanda ke tsakar gidan kowaccenmu.

Mu komo gida

To, 'yan'uwa, ina ruwan matar Gayam da duk wannan? Ruwanta yana kan hanya. Titin da ya taso daga Kaduna ya bi ta Buruku da Udawa ya zo Birnin Gwari, ya wuce Tegina har ƙasar Yarabawa, tsohuwar hanyar Legas ce, kuma iyayenmu mata da yawa da ita suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Direbobin manyan motoci da fatake da masu zuwa cin kasuwa duk ciki gare su, kuma ba su tafe da tukunya. Kowa ya san abin da ya same mu bayan haka. Shekara da shekaru 'yan bindiga suka addabi dajin nan, motoci suka ƙaurace wa hanya, gonaki suka koma saura, mata da yawa suka kife tukwanen sana'a, wasu ma suka wayi gari su ne uwa su ne uba. A watan Nuwamba 2024, bayan sulhun da aka yi, Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe, motoci suka fara komowa. Muna roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiya.

Duk lokacin da hanya ta buɗe, wani ne zai ciyar da masu binta. In ba mu shirya ba, wasu za su zo daga nesa su kafa rumfa a ƙofar gidajenmu, mu kuma mu koma wanke musu kwanuka. Kayan aikin kuwa duk muna da su. Ƙasar nan tana ba da masara da dawa da shinkafa da waken suya da gyaɗa, daji yana ba da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da zuma, ga tarwaɗa da karfasa daga rafuka da madatsar ruwa ta Bagoma. Shinkafa ma ba baƙuwarmu ba ce, don Afirka ta Yamma tana da irinta na kanta wanda aka fara nomawa a bakin kogin Kwara, can ƙasar Mali, shekaru dubbai da suka wuce.

Sai dai akwai abin da ke damuna ƙwarai a yadda muke sana'ar abinci, watau talla. Uwa ta yi girki a cikin gida, sai ta ɗora wa 'yar shekara tara ko goma tire a ka ta tura ta tasha. Duk malamar da ke koyarwa a ƙauyukanmu ta san yadda bencin 'yan mata ke zama wayam ranar kasuwa. Yarinya ta yini tana ratsa tsakanin manyan motoci, tana jin maganganun da ba su dace da kunnenta ba, ga ƙura tana sauka kan abincin, in kuma ciniki bai yi ba ta sha faɗa a gida. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, mace ko namiji. Amma doka ba za ta zauna a aji a madadin yarinya ba, sai uwarta ta sake ta.

A nan ne ƙaramin gidan abincin nan na mutanen Tailan da Japan yake da abin koya mana. Su ba sa bin mai saye da tire, mai saye ne ke zuwa inda suke, don ya san wurin, ya san lokacin, ya kuma san abin da zai tarar. Na san wata za ta ce, Malama, ni fa matar aure ce, ba na fita. To, ai zaure yana nan. Ki yi girkinki a ciki, maigida ko babban ɗa ko wata dattijuwa ta gidan ta zauna a zaure ko rumfar ƙofar gida tana zubawa. Mata uku ko huɗu na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗin adashi su sayi benci da kwanuka, su raba kwanakin girki a tsakaninsu. Yarinya ta taimaka da wanke-wanke bayan an tashi daga makaranta, wannan ba laifi, tarbiyya ce ma.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, kada ki tara girki barkatai. Mai sushi abu ɗaya ya iya, ya kuma iya shi sosai. Ki zaɓi abu biyu da hannunki ya faɗa a kansu, ko tuwon shinkafa da miyar taushe, ko dafa-duka da kifi, ki tsaya a kansu har a san ki da su. Ɗanɗanon yau ya zama shi ne na gobe. Direban da ya ci ya ji daɗi, shi zai kai labarinki Kaduna da Kontagora ba tare da kin biya shi ko kwabo ba.

Na biyu, tsabtar da ido zai gani. Dalilin da ya sa mai sushi yake aiki a gaban mutane shi ne don su ga hannunsa da wuƙarsa da katakon yankansa. Mu kuwa sau da yawa roba ɗaya ta ruwa muke ajiyewa, mutum ashirin su tsoma hannu a ciki, na ƙarshe ya fi kafin ya wanke datti. Ki ajiye buta da sabulu, a zuba wa mutum ruwa ya zube ƙasa. Ki rufe abinci daga ƙuda, ki ɗaure kanki, ki yanke farce, kuma hannun da ke karɓar kuɗi kada ya taɓa abinci. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, wannan kaɗai yana iya tsare ran mutane da sunanki.

Na uku, ki san shinkafa. Dafaffiyar shinkafa idan ta daɗe a ajiye da ɗumi-ɗumi tana haifar da wata ƙwayar cuta mai sa amai, kuma ɗumame ba ya kashe dafin da ta riga ta zuba. Gara ki dafa kaɗan sau biyu a yini da ki dafa da yawa ta kwana. Abin da ya rage da yamma a ci a gida tun da sauran zafinsa, kada a haɗa shi da na gobe.

Na huɗu, lissafi. Ki sami ɗan littafi ki rubuta mudu nawa kika dafa, nawa kika kashe a mai da itace da kayan miya, kwano nawa ya fita. In ba ki iya rubutu ba, ga amfanin 'yar da kika bari ta yi karatu. Kuɗin uwa daban, riba daban, kuma bashi ya zama da iyaka, don bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma shi ya fi kashe sana'ar mata.

Abin da ba za mu ɗauka ba

Ɗanyen kifi kam, a bar wa masu shi. Kifin da ake yin sushi da shi yawanci na teku ne, kuma a ƙasashe da yawa doka ta tilasta a daskarar da shi tukuna don tsutsotsin ciki su mutu. A Amurka ƙa'idar ita ce kwana 7 a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Wace firiza ce a garuruwanmu za ta riƙe wannan sanyi mako guda da irin wutar lantarkinmu? Kifin rafi kuwa ya fi haɗari. A arewa maso gabashin Tailan mutane suna da al'adar cin ɗanyen kifin kogi da aka daddatsa da yaji da lemun tsami, wannan ya jawo musu wata tsutsa mai zama a hanta, har yankin Khon Kaen ya shiga cikin wuraren da ciwon dajin hanyar maɗaciya ya fi yawa a duniya. Lemun tsami da barkono ba sa kashe tsutsar, wuta ce maganinta. Don haka kada wata yarinya ta ga hoto a waya ta ce za ta gwada da tarwaɗar rafinmu. Mai juna biyu kuwa, ko a can ƙasashen waje likitoci da yawa suna ba ta shawara ta nisanci ɗanyen kifi.

Ga wadda ke son gwadawa

Ga wata miya mai kama da tasu wadda ba sai kin je kanti ba. Ki jiƙa tsamiya kamar sili huɗu a ruwan ɗumi ki tace. Ki ɗora ruwa kofi huɗu a wuta, ki sa dakakkiyar ɗanyar citta da tafarnuwa da albasa ɗaya da attaruhu biyu, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo in kina da ita. In ya tafasa ki zuba ruwan tsamiyar da yankakken tumatir uku da gishiri da ɗan ƙullin daddawa. Sai ki sa gunduwar tarwaɗa da kika wanke da toka ko lemun tsami har yauƙin ya fita, ki rage wuta, ki bar shi kamar minti 15 ba tare da yawan juyawa ba don kada ya farfashe. In kin sauke sai ki matsa rabin lemun tsami a kai. Ana ci da farar shinkafa, kuma tana buɗe bakin mai mura ƙwarai. Ba ta cin mai ko cokali ɗaya, ga wadda ke lissafin kwalba.

A ƙarshe, 'yan'uwa, abin da mutanen nan suka fi mu ba kayan miya ba ne. Sun ɗauki dafa abinci aikin da mutum zai tsaya a kai ya ƙware, gwamnatocinsu kuma suka tsaya musu. Muna kira ga ƙaramar hukumar Birnin Gwari da ƙungiyoyin mata su duba yadda za a taimaki masu abincin bakin hanya da rumfuna da ruwa mai tsabta da ɗan jari, musamman matan da rikicin nan ya raba da mazajensu. Maza kuma, don mun san kuna leƙa filin nan a ɓoye, ku ba da aron zaure, ku bar yara su je makaranta.

Wadda ta gwada miyar nan, ko take da wata dabara ta sana'ar abinci da ta amfane ta, sai ta rubuto mana don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.